Ciyawar da Kawu Ya Bari a Rusaifa

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Kawu kuma ya riga mu tafiya. Ya cika ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinsa, a gidanmu na Rusaifa, ba tare da doguwar jinya ba. Aka yi masa salla a Harami bayan la'asar, maza suka wuce da shi maƙabartar Shara'i. Kafin su dawo, samarin gida sun jera kujeru a kan layi, sun ɗaura fitilu daga wannan bango zuwa wancan, kamar yadda ake yi a Makka in an yi rashi. Maza suna waje, mu mata muna tsakar gida.

Ni 'yar ƙanwarsa ce. Mahaifiyata ta rasu ina goye, shi da matarsa, Umma, suka ɗauke ni, ban kuma san wani uba ba sai shi. Don haka abin da zan faɗa a nan ba ji na yi a bakin wani ba.

Jama'a sun zo, wallahi sun zo. Daga Kudai, daga Zahir, har da waɗanda muka daɗe ba mu ji ɗuriyarsu ba. Tsofaffi suna cewa, "Ya haƙuri?" matasa suna cewa, "Azzamallahu ajrakum," duk ɗaya ne a kunnen wanda aka yi wa rashi. Maza suka kawo mana labari cewa liman ya ce sahun gaba ya yi giɓi. Mai shayin bakin layi kuwa ya rantse bai taɓa sanin sunan Kawu na yanka ba sai ranar, don duk unguwa Baba Mai Ciyawa ake ce masa. Jikokinsa, waɗanda Hausarsu ba ta wuce "sannu" da "ina kwana" ba, suna ta kuka suna kiran "Jaddi, Jaddi." Har wani tsohon Bature da suka yi aiki tare a bakin teku ya bugo waya daga Jidda, ya ce da ana barin irinsa shiga Makka da ya zo da ƙafarsa.

Amma wadda ta karya mini zuciya ita ce tsohuwar maƙwabciyarmu, mutuniyar Chadi. Ta shigo tana dogara sanda, ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta taka tsakar gida, sai ta tsaya cak. Ta dubi ƙasa, ta dube ni.

"'Yar nan, ina ciyawar?"

Na ce, "Tana ƙarƙashin ƙafarki, Iya."

Ta ja da baya kamar ta taka garwashi. Duk zaman makokin nan ba ta yarda ta hau shimfiɗar ba, a dokin ƙofa take zama ta yi addu'arta ta tafi.

Abin da ya faru shi ne, samari sun kawo kafet na haya, irin mai roba a ƙasa, sun rufe tsakar gidan kaf, sun ɗora kujeru. Da na gani na tari Yaya, babban ɗan Kawu, yana shigowa daga maƙabarta, idonsa jawur.

Na ce, "Yaya, a ɗage kafet ɗin nan daga kan ciyawa."

Ya ce, "Haba! Yau ranar ciyawa ce? Mata su zauna a ina, a kaina? Kwana uku ne, khalas, shi ke nan."

"Kwana uku a zafin Makka, a ƙarƙashin roba?"

"Don Allah ki ƙyale ni."

Na ƙyale shi, don ba a jayayya da mutumin da ƙasar kabarin ubansa ke jikin rigarsa. Amma raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba.

Wanda bai san garin nan ba zai ce wace irin mace ce wannan, an yi mutuwa tana zancen ciyawa. To, a Makka kabari ba shi da suna. Dutse ne kawai a kai, babu rubutu, mu mata kuma ba ma shiga maƙabarta. Kawu bai bar gona ba, bai bar shago ba, gidan ma na mahaifinsa ne. Abin da ya dasa da hannunsa ya bari da rai shi ne ciyawar nan, wadda faɗinta bai wuce tabarma biyu ba. In ta mutu, ba mu da inda za mu tsaya mu ce nan ne wurinsa.

Iyayen Kawu da ƙafa suka zo daga ƙasar Kano, shi kuwa a nan aka haife shi, cikin baƙaƙen duwatsu. Bai taɓa zuwa ƙasar Hausa ba har ya koma ga Allah. Damina a bakin mahaifiyarsa ya san ta. Takan ce musu a can gida, in ruwa ya sauka, mutum zai kwanta ƙasa tana ja, ya tashi ta yi kore shar. Kawu ya ce yana yaro ya ɗauka tatsuniya ce.

Yana saurayi ya samu aiki a wani filin golf kusa da Jidda, na ma'aikatan wani kamfani. Filin nan ko tsinken ciyawa babu. Rairayi ne zalla, kewayen ramin da ake jefa ƙwallo kuma sai a kwaɓa rairayin da baƙin mai don ya kwanta. Aikin Kawu shi ne ya bi bayan 'yan wasa da manjagara yana share sawunsu. Kowane ɗan wasa yana yawo da guntun ciyawar roba a hannu: ya ajiye a ƙasa, ya ɗora ƙwallo, ya buga, ya ɗauke abarsa ya yi gaba. In Kawu yana ba mu labarin, sai ya ɗauko muciyar Umma da lemon tsami, ya karkace, ya leƙa nesa da hannu a goshi, mu yi ta faɗuwa don dariya, Umma tana ihu daga madafa a mayar mata da muciyarta.

Yakan ce, "Manya-manyan mutane, masu furfura, su bugi ƙwallo kamar ƙwan zabo, su bi ta da ƙafa cikin rana, in sun same ta su sake korar ta. Ni dai Allah bai nuna mini hikimar ba, amma ya sa abincina a ciki." Bai taɓa buga wasan ba ko sau ɗaya. Ciyawar roba kuwa ya tsane ta tsana mai tsanani. Yakan ce abin da ba ya shan ruwa ba ya tasbihi.

Daga baya aka buɗe wani sabon fili a bakin Bahar Maliya, arewa da Jidda, inda masu hutu ke zuwa su hau jiragen ruwa, su yi nutso, su yi sukuwa a kan rairayi. Wannan filin da ciyawa ta gaske aka yi shi, irin mai yaɗo, mai jure gishiri. Kawu ya koma can. Ya ce safiyar da ya fara ganin wurin, kore har iya ganinsa, ga raɓa a kai, sai ya cire takalmi ya zauna ya yi ta kuka, har mai kula da aikin ya ɗauka rasuwa aka yi masa. Ya ce, "Ashe Inna gaskiya ta faɗa." Lokacin ta riga ta rasu, bai samu ya gaya mata ba.

Wata Alhamis ya dawo gida da damin saiwa a naɗe cikin jiƙaƙƙen tawul, ya ce ya roƙa an ba shi. Kafin mu farga ya ɗauko guduma ya hau fasa simintin tsakar gida. Umma ta fito da hannu a ka tana salati. Daga ranar aka buɗe faɗan da bai ƙare ba sai da mutuwa ta raba.

Ruwa ne tushen rigimar. A shekarun nan ruwan Rusaifa tanka ke kawowa, wadda muke ce wa wayit, wani lokaci a yi ta jira ba ta zo ba. Wata bazara Umma ta kama shi yana juye jarkar ƙarshe a kan ciyawa.

Ta ce, "Malam, mutane ba su sha ba, ciyawa za ta sha?"

Ya ce, "Mutane suna da baki, za su nema. Ita fa?"

Ta daina yi masa magana. Ni nake kai masa abinci, ni nake kawo saƙo: ki ce wa kawunki kaza, ki ce wa Ummanki kaza, suna zaune suna kallon juna. Da abin ya ishe shi sai ya kafa doka. Ba zai ƙara taɓa ruwan girki ba, amma daga yau babu mai alwala a banɗaki. Kowa ya ɗauki buta ya zo bakin ciyawa. Babba da yaro, har baƙo in ya zo. Haka muka tashi, mun ɗauka kowane gida haka ake yi. Sai da na yi aure na ga mutane suna barin ruwan alwala yana bin kwata, na ji kamar ana zubar da abinci.

Mutum ɗaya ce ta ƙi bin dokar. Umma ta ce ita ba baiwar ciyawa ba ce. Shekara da shekaru a banɗaki take alwalarta, ta fito ta kewaye ciyawar ta gefen bango, ko kallonta ba ta yi.

Doka ta biyu ita ce takalmi. Kawu mutum ne mai sanyin hali, ban taɓa jin ya zagi ko kaza ba, amma ka ɗora takalmi a kan ciyawarsa ka ji murya. "Cire takalmi!" Ya faɗa wa liman, ya faɗa wa surukansa ranar da suka zo neman aure, ya faɗa wa wani ma'aikacin wutar lantarki da ko Hausa ba ya ji, kuma ya cire. Da almakashi yake aske ta, a durƙushe, bayan sallar asuba, yana lazimi.

In an yi hutun makaranta sai ya kwashe mu a tsohuwar motarsa zuwa Shu'aiba, bakin ruwan da mutanen Makka ke zuwa shan iska. Umma ta dafa shinkafa, a sayi kifi a gasa, a ɗora shayi a garwashi. Su Yaya su faɗa ruwa, mu mu tsinci kwanson kifi. Shi kuwa Kawu, wanda ya yi rabin rayuwarsa a bakin teku, ya naɗe wando ya tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba. In an tsokane shi ya ce, "Ruwan da ya ci Fir'auna ba zan miƙa masa wuyana ba." Za a tashi kuma sai ya fito da buhu ya cika shi da rairayi. Kowa yana komawa gida da kifi, mu muna komawa da yashi, zuwa Makka fa! Yaya yana tashen samartaka, kunya kamar ta kashe shi, sai ya shige mota ya rufe fuska da hirami.

Kawu yana da dalilinsa. Ya ce ciyawar 'yar bakin teku ce, ƙasar Makka tana shaƙe mata wuya. Duk sanda ta yi rawaya, sai ya ɗauko wata sanda mai ƙusa a baki ya bi ta yana hudawa, ya barbaɗa rairayin nan, ya shafa da tafin hannu, ya ce a ci gaba da alwala. In muka ce, "Kawu, ai ta mutu," sai ya ce, "Ba ta mutu ba, fushi ta yi."

Ita tsohuwar maƙwabciyar tamu, mijinta ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki har bakinsa ya rufe. Yana yaro kiwon shanu ya yi a wajen tafkin Chadi. Kullum bayan la'asar Kawu zai je ya turo shi a keke, ya durƙusa ya cire masa takalmi da hannunsa, ya ɗora ƙafafunsa a kan ciyawa. Ba hira suke yi ba, don ɗayan ba ya iyawa. Su zauna haka har a kira magariba, wani lokaci ka ga hawaye yana bin kuncin mutumin. Kawu bai fasa ba har mutumin ya rasu, kuma bai taɓa ambaton abin ga kowa ba. Shi ya sa matar mutumin ta ƙi taka kafet.

Da aka tashi makoki, masu haya suka zo suka naɗe kayansu. Wayyo Allah. Ciyawar ta kwanta, ta yi rawaya, wani wurin ta yi baƙi tana wari, ga ramukan ƙafar kujera, ga tabon gahawa. Ranar na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar. Umma tana ɗaki, ta shiga takaba, na hango ta ta taga tana kallo. 

Bayan 'yan kwanaki sai ga Yaya da wani abu a naɗe a kafaɗa. Ya warware a gaban ɗakin Umma. Ciyawar roba ce, kore shar, sabuwa. Ba da mugunta ya yi ba, na shaide shi.

Ya ce, "Ummi, na ga kullum kina kallon wurin nan. Wannan ba ta son ruwa, ba ta son aski, ba ta mutuwa."

Umma ta daɗe tana kallon abin. Sannan ta ce, "Ubanka ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana share sawun masu yawo da wannan abar. A gidansa za ka shimfiɗa ta? Ɗauke mini."

"Ummi, ke fa kika fi kowa ƙin ciyawar nan."

"Ni da shi ne. Ina ruwanka?"

"Amma ai ta mutu."

Ta ce, "Ba ta mutu ba." Ta buɗe baki za ta ƙarasa, muryar ta ƙi. Ta goge ido da gefen mayafi, ta ce, "Ku je Shu'aiba ku ɗebo mini rairayi."

Yaya ya ce to, amma in ta fita takaba ciyawar ba ta tashi ba, a bar shi ya sa tayil, don ba zai iya ganin mahaifiyarsa tana gadin busasshiyar ƙasa ba. Umma ta ce ta yarda.

Ni da shi muka je. Wurin ya canza, an kafa rumfunan haya, samari suna ta tsere a kan baburan ruwa, iyalai suna gashi, yara suna guje-guje. Ga Yaya, babban mutum mai jikoki, a durƙushe da farar riga yana tura yashi cikin buhu da hannu biyu, mutane suna kallo, bai rufe fuska ba. Da buhun ya cika sai ya zauna a kai, ya juya mini baya.

Ya ce, "Jiya na je Shara'i."

Ya ci gaba yana kallon teku.

"Na tsaya tsakanin kaburbura biyu. Wallahi ban san wanne ne nasa ba. Ni na sa shi da hannuna fa."

 Muka kama buhun, shi gefe ni gefe, muka kai mota.

Umma ba ta bar kowa ya taɓa aikin ba. Ta ɗauko sandar nan mai ƙusa ta bi wurin tana hudawa, ta barbaɗa rairayi, ta shafa da tafin hannu, daidai yadda yake yi, ita da ta ce ba ta taɓa kallo ba. Da aka kira azahar ta shiga ɗaki, ta fito da butarta, ta wuce ƙofar banɗaki, ta zo ta tsuguna a bakin ciyawa. Na juya na shige madafa don kada ta ga fuskata.

Wata ya wuce, wani ya bi, babu komai. Zafi ya tsananta. Tsohuwar maƙwabciya ta riƙa zuwa da butarta. Jikoki in sun zo sai a tasa su gaba su yi alwala ko lokacin salla bai yi ba. Wurin yana nan fari fat, rairayi ne kawai da tsinkaye. Gaskiya ni na fid da rai, har na fara tunanin wane launin tayil zai fi sauƙi a ido. Umma ba ta fasa ba. Ta rame, amma salla biyar alwala biyar, ko tana da alwala sai ta sake.

Takaba ta kusa ƙarewa, wata safiya na zo kawo mata kunu na same ta a durƙushe a kusurwar bango, inda Kawu yake ajiye kujerarsa. Ta yafito ni da hannu ba ta ɗago ba. Na sunkuya. Wasu 'yan tsirarun ganye ne, sirara kamar gashin jariri, sun huda rairayi sun fito, kore, ɗaya har ya fara yaɗo.

Ta ce a hankali, "Ta huce."

Muna nan sai ga Yaya ya shigo da sauri, zai wuce aiki ya biyo ya gaida ta. Ya gan mu a durƙushe, ya ɗauka wani abu ya samu Umma, ya yanko ta tsakiyar wurin. Umma ta ɗago kai. Muryar da ta fito ban taɓa jin ta a bakinta ba.

"Cire takalmi!"

Yaya ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Ya dubi ƙasa, ya ga abin da muke kallo. Ya koma baya, ya zare takalmansa, ya naɗe hannun riga. Ya ɗauki butar Umma ya tsuguna, ya fara alwala, ruwa yana zuba a kan rairayin. Tun daga ranar ba a sake zancen tayil a gidan ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya haskaka kabarin da mu ba mu san shi ba amma Shi ya sani. Ya haɗa shi da mahaifiyarsa a inda kore ba ya ƙarewa. Ciyawar har yanzu ba ta rufe ko rabin wurin ba, tana bukatar ruwa. Don haka duk wanda bai samu zuwa gaisuwa ba, ƙofarmu a buɗe take a Rusaifa. Roƙonmu ɗaya ne: kada ka yi alwala a gidanka. Ka zo ka yi a nan, buta tana bakin ciyawa.